Masu Ƙirga Tsuntsaye da Rabon Ruwan Fadamar Haɗejiya-Nguru

Duk shekara idan watan Janairu ya kama, hunturu ya kankama, akan ga wasu mutane sun yi sammako sun shiga kwalekwale a tafkin Nguru, ko sun tsaya a bakin ruwan Dagona da na Baturiya, da tabaran hangen nesa a wuya da littafi a hannu. Ba kifi suke nema ba, ba kuma farauta suka fito ba, tsuntsaye suke ƙirgawa. Da yawa daga cikinsu ba mai biyansu ko sisi: ɗaliban jami'a ne, da malaman makaranta, da 'yan ƙauyukan gefen fadama da suka san kowace mashigar ruwa. Wanda bai sani ba zai ce rashin aikin yi ne, ko kwaikwayon Turawa, kuma ba a rasa masu faɗa musu haka ido da ido. Ni kuwa a ganina wannan ƙirge da ake rainawa yana cikin 'yan makaman da suka rage wa talakan fadama wajen kare ruwan da yake noma da kamun kifi da kiwo da shi, kuma al'ummar da ta sakar wa baƙi aikin ta yi sake da abin da ba ta san darajarsa ba.

A fara da ruwan kansa. Kogin Haɗejiya, wanda ke tattaro ruwan kogin Kano da na Chalawa, da kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, suna isowa wani shimfiɗaɗɗen fili mai tuddan rairayi tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. A nan gudunsu ke raguwa, ruwan ya rarrabu ya malale ƙasa a ƙarshen damina, kafin abin da ya rage ya haɗu ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Wannan malalar ita ce arzikin yankin. Da ita ake shinkafar fadama, in ruwa ya ja a bi danshin da wake da sauran amfanin rani. A cikinta kifi ke hayayyafa, ciyawar da ta bari ita ke riƙe shanun Fulani har faɗuwar ruwan sama, ruwan da ya nutse ƙasa kuma shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ko hango fadamar ba sa yi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 da farkon 1970 ruwan kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000, amma zuwa farkon shekarun 1990 abin ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. Farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kason, sai dai ba shi kaɗai ba ne.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa kuma a 1992, kuma su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Ba mai musun amfaninsu, domin da su Kano ke shan ruwa, da ruwan Tiga kuma ake noman tumatir da shinkafa a Kadawa da Kura. Amma sun sauya wa kogin hali. A da yakan cika ya batse da damina, ya ƙafe da rani. Yanzu ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ana sako ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa, kuma ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, wasu rassan irin su Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka wasu ƙauyukan gonakinsu sun nutse shekara da shekaru, wasu kuma can ƙasa suna jiran ruwan da ba ya zuwa. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da ruwa daidai gwargwado ke samarwa a fadamar, ta noma da kifi da itacen wuta, suka kwatanta da abin da yake samarwa a aikin ban-ruwa na kogin Kano, sai suka tarar na fadamar ya ninka sau da yawa. Binciken bai ma sa kiwo da ruwan rijiya a lissafi ba. Duk da haka, a teburin da ake yanke shawarar buɗe madatsa da rufe ta, mai gonar ban-ruwa yana da injiniya da takarda da alƙaluma, masunci na Marma kuwa bakinsa kawai yake da shi.

A nan ne tsuntsu ke shigowa. An tabbatar da ganin fiye da nau'i 370 na tsuntsaye a wannan fadama, akwai 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela, akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki da ke tasowa daga Turai da yammacin Asiya, su ƙetare hamadar Sahara su yi hunturu a nan. Tsuntsun ruwa ba ya sauka inda ba abinci. Idan shekara ta yi kyau, ruwa ya malala, ƙananan kifaye da ƙwari da tsabar ciyawa sun yawaita, yawansa kan nuna haka, idan kuma tafki ya koma dajin kacalla shi ne farkon mai ƙaura. Ƙirga shi ya fi auna kifi sauƙi da arha, kuma tun 1967 ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a cikin Janairu da tsari iri ɗaya, saboda haka adadin bana yana iya zama kusa da na shekara ashirin da suka wuce a gani a ƙasa. Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda ta shafi kare dausayi da fadamu, ta sa cikin ma'aunanta cewa wurin da ke tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai ya cancanci a ɗauke shi mai muhimmanci ga duniya. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga wannan jeri a shekarar 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008, sannan a 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗejiya-Nguru-Bade cikin wuraren da take ba kulawa ta musamman. Kada a yaudari kowa, waɗannan takardu ba su taɓa buɗe ƙofar madatsa da kansu ba. Amma sun ba mutanen fadama hujjar da gwamnati ta sa wa hannu da kanta, kuma da ba a yi shekaru ana ƙirge ba, da ba a same su ba.

Sukan da aka fi yi shi ne, mutane na fama da yunwa da tsadar taki da rashin tsaro, wa ke da lokacin tsuntsu? Tambaya ce mai nauyi, amma ta ɗauka cewa abin da ya amfani tsuntsu an ƙwace shi ne daga bakin mutum, alhali a fadama ruwa ɗaya suke sha. Wanda yake ganin ɓacewar tsuntsu ba ta taɓa lafiyar mutum, ya dubi abin da ya faru a Indiya. A shekarun 1990 makiyaya da likitocin dabbobi sun yawaita ba shanu wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin shekara goma sha biyar wasu nau'o'in ungulu uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani binciken masana tattalin arziki da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Masu lura da tsuntsaye ne suka fara ankarar da hukuma cewa ungulu na ƙarewa, tun kafin a gano dalili.

Mu ma nan hanyar muka kama, ta wata ƙofar daban. Duk wanda ya manyanta ya san lokacin da ba mayanka ko kasuwar ƙauye da ba a ganin ungulu jere a kan katanga, ana korarta tana dawowa. Yau yaro zai gama firamare a garuruwa da yawa bai taɓa ganinta ba. Ungulun gari da muka saba da ita ta shiga sahun dabbobin da ke dab da ƙarewa a jerin hukumar IUCN tun 2015. Babban dalili a Afirka ta Yamma shi ne cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu da neman sa'a, sai kuma gubar da ake zuba wa mushe. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau cikin 'yan makonni. Wata ungulu da masu bincike suka ɗaura wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka ta ƙetaro teku da hamada lafiya, amma a 2014 aka harbe ta a kudancin Nijar domin kasuwar Najeriya. Ungulun gari ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka duk wadda aka kashe ba a mayar da gurbinta da wuri. Dokar Najeriya ta 1985 kan cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka gyara a 2016, tana nan a rubuce, amma doka ba ta zuwa rumfar 'yan magani da ƙafarta. Abin da ya ɗan yi tasiri shi ne zaman da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, da 'yan sa-kai suka riƙa yi da masu maganin gargajiya, ana tattauna itatuwa da saiwoyin da za su maye gurbin sassan ungulu. Irin wannan zama sai ɗan gari, wanda ya san yadda ake gaida dattijo kafin a kawo masa magana.

Suka na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma manomin shinkafa da gero da alkama ne ke yin sa: ku da kuke kare tsuntsaye, kun taɓa ganin abin da jan baki ke yi wa gona? Yana da gaskiya. Jan baki na sauka dubbai kan dubbai, ya mayar da wahalar damina ƙaiƙayi cikin 'yan kwanaki, yara su bar makaranta su wuni suna kaɗa gwangwani da igiya. Ba kuma tsuntsu ne da ke fuskantar ƙarewa ba, hasali ma ana ganin ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, kuma ba ƙungiya mai hankali da za ta ce a zuba masa ido. Abin tambaya shi ne yadda za a yaƙe shi. An yi shekaru da dama ana feshi da jirgin sama a jihohin Jigawa da Yobe da Borno da Kebbi, ana kashe miliyoyi, baɗi su dawo kamar ba a yi ba, domin tsuntsu ne mai saurin hayayyafa da yawo tsakanin ƙasashe. Gubar da aka saba fesawa, irin su fenthion, ba ta tantance tsuntsu: tana kashe shaho da shirwa da suka ci gawar, tana sauka a ruwan da ake sha ake kamun kifi, wani lokaci ma mutane su tsince matattun su kai tukunya. Sannan a wannan fadama, ina jan baki ke kwana yana sheƙa? A cikin kacalla, inda ba mai iya isa gare shi. Ke nan abin da ya kori agwagin ruwa daga tafki shi ne ya gina wa jan baki gida, kuma gayyar da ƙauyuka ke yi ta yanke kacalla da yashe hanyar ruwa aiki ɗaya ne mai biyan bukatar manomi da masunci da mai kare tsuntsu. Wanda ya san inda garken ke kwana tun bai yi yawa ba, ya san lokacin da ya fara sheƙa, shi ne zai sa a yi maganinsa a wuri ɗaya da ƙaramar ɓarna, ko a kafa masa raga kamar yadda wasu mafarauta a Cadi ke kama shi su sayar a kasuwa. Wannan sani kuwa na masu yawon lura ne. Kada kuma haushin jan baki ya shafi shamuwa, wadda ke zuwa da damina tana cin fara da tsutsa a gonaki ba tare da an biya ta ba. Ƙasar Sin ta gwada yaƙi da 'yan tsuntsayen gari baki ɗaya a 1958, ƙwari suka samu sarari suka afka wa amfanin gona, dole aka dakatar da yaƙin a 1960.

Akwai masu cewa duk wannan hidima ta Turawa ce, tsuntsayensu suke bi, kuɗinsu ne, ranar da suka gaji shi ke nan. Rabin maganar gaskiya ne. Aikin kare fadamar da aka fara a 1987 da tallafin ƙungiyoyin waje aka yi shi, har Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa damuwarsu ta fara ne daga tsuntsayen da ke komawa ƙasashensu. An kuma sha ganin ƙungiyar da ta tsiro ranar da kuɗin tallafi ya iso, aka ɗinka riguna aka ɗauki hoto, ta mutu ranar da kuɗin ya ƙare. Irin wannan ƙungiyar ba abin da take karewa sai aljihun shugabanninta, kuma ya kamata jama'a su iya gane ta: ba ta da littafin da ta rubuta abin da ta gani bara, ba masunci ko makiyayi ko mace a cikinta. Amma keɓe wuri don ya huta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, kuma sarkin ruwa da sarkin baka sun daɗe suna da ikon cewa yau ba a shiga. A Musulunci akwai tsarin hima, wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, wanda wata ƙungiyar kare tsuntsaye a Labanan ta farfaɗo da shi tun 2004 ta damƙa kula da wuraren a hannun ƙauyuka. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta su mayar mata. Su kansu manyan ƙungiyoyin Turai ba gwamnati ce ta kafa su ba. RSPB ta Ingila wasu mata ne suka fara ta a 1889 a Manchester, don takaicin yadda ake kashe tsuntsaye a yi wa huluna ado da gashinsu, kuma sai 1921 suka ga dokar da suke nema. Shekara 32 ke nan suna naci.

Alamar cewa aikin na iya zama namu ta riga ta bayyana. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin inuwar Jami'ar Jos, ta horar da ɗalibai da yawa daga sassan Afirka ta Yamma, kuma a ƙarshen 2015 ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, ɗan sa-kai ya shiga ya rubuta duk tsuntsun da ya gani a wayarsa ya tura. Matasan arewa sun kafa tasu tawagar, Arewa Atlas Team, suka shiga wuraren da ba a taɓa rubuta tsuntsayensu ba. Gauraka, wadda ake kira tsuntsun ƙasa, ta kusan ɓacewa daga dazukan Najeriya ba tare da an ankara da wuri ba, saboda ba mai rubutawa lokacin da take raguwa. Raunin da ya rage shi ne, sakamakon yakan ƙare a mujallun Turanci da manomin Guri ko Kirikasamma ba zai taɓa gani ba. Ƙungiyar da ta ƙirga tsuntsayen tafki, wajibinta ne ta koma fadar dagaci ta karanta abin da ta samu da Hausa ko Badanci ko Barbarci, ta bar kwafi a can.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, akwai ma'aikatan gandun daji a Dagona, akwai hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are. Haka ne, kuma ba ɗan sa-kai da ke da ikon kama mutum ko ba da umarnin sakin ruwa. Sai dai kogin ya ratsa jihohi da yawa, kowace da inda take ja. Shi ya sa a 2006 jihohin Bauci da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka amince a Damaturu da kafa asusun haɗin gwiwa na kula da wannan ruwa. Irin wannan zama yana jin muryar wanda ya zo a haɗe ne. Ƙungiyar masu ƙirge ta Nguru ita kaɗai ƙorafi take yi, amma idan ta Nguru da ta Gashuwa da ta Haɗejiya suka yi ƙirge rana ɗaya da tsari ɗaya, suka haɗa da bayanin masunta kan kifin da suka kama da na manoma kan gonakin da suka nutse ko suka bushe, sun zo da abin da ba a iya turewa da hannu ɗaya. Wannan ba maganar gobe da nisa ba ce. Madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan kogin Jama'are a jihar Bauci tana tasowa duk bayan 'yan shekaru, kuma Jama'are shi ne babban kogin da har yanzu ke kawo wa fadamar ambaliyarsa ba tare da babbar madatsa ta tare shi ba. Mutanen Bauci suna da hujjarsu ta neman noman rani, ba kuma laifi ba ne. Amma ranar da za a zauna, na ƙasa su zo da lissafin abin da za su rasa.

Mafarauci ma bai kamata a mayar da shi abokin gaba ba, domin ba wanda ya fi shi sanin tsuntsu, kuma ƙungiyar da ta jawo shi ta samu malami. Abin da za a nema a wurinsa, ta bakin sarkin baka, takamaimai ne: a bar tsuntsu lokacin sheƙa da ƙwai, a bar ungulu da gauraka da shamuwa ɗungurungum, a daina jiƙa hatsi da maganin ƙwari ana watsawa a bakin tafki. Wannan na ƙarshe ya shafi kowa, har wanda bai taɓa taka fadama ba, domin agwagwar da guba ta kashe ita ce ake figewa a soya a kai tasha, kamar yadda kifin da aka kashe da gamalin ke ƙarewa a miyar wani. Haka nan idan aka wayi gari aka ga tsuntsaye sun mutu da yawa a wuri ɗaya, kada a taɓa, kada a ci, kada a bar yara ko kaji su kusanta. Murar tsuntsaye mai tsanani ta fara bayyana a Afirka ne a wata gonar kaji a jihar Kaduna a farkon 2006, kuma a Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun Djoudj na ƙasar Senegal. Abin yi shi ne a lura da wurin da ranar da kimanin yawansu, a sanar da mai unguwa, a kai rahoto ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar, ba sai an jira kasuwa ta ci ba.